Ƙugiya Ɗaya Ga Kowa, Ko Kowane Rumbu Da Tasa?

Wanda ya kafa uwar garke ta kansa domin adana rubutun manhaja, ba ranar da ya kunna injin yake sanin nauyin da ya ɗauka ba. Sai ranar da abokin aiki ya turo fayil ɗauke da kalmar sirrin ma'ajiyar bayanai, ko ya shafe tarihin aikin watanni da umarni guda, sannan tambaya take tasowa: wa ya kamata ya tare wannan tun daga bakin ƙofa? Manhajar Git, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a watan Afrilun 2005 don adana tarihin gyare-gyaren Linux, ta tanadi amsa tun da wuri. A cikin kowane rumbu, wato wurin da ake ajiye aiki ɗaya da duk tarihinsa, akwai jaka ta musamman da ake zuba 'yan gajerun umarni a ciki. Su ne ƙugiyoyi. Da zarar wani ya turo gyara, ƙugiya takan tashi da kanta, ta duba abin da aka kawo, ta bar shi ya wuce ko ta mayar da shi. Hanyoyin kafa su biyu ne: ko a rubuta ƙugiya ɗaya ta yi aiki a kan dukkan rumbunan da ke kan injin, ko a bar kowane rumbu da tasa. A ido zaɓin ƙarami ne, amma shi ke nuna ko aikin zai rayu bayan wanda ya kafa shi ya bar gari.

Wani zai ce wannan zancen mutanen Legas ne da Abuja, ina ruwan Baure, ƙaramar hukumar da ke gabashin masarautar Daura, kan iyaka da Jamhuriyar Nijar? Ni kuwa gani nake mu abin ya fi shafa. Matasanmu suna karatun kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Daura a 2019, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, wasu kuma sun bi ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Idan sun dawo gida, irin aikin da ke jiransu shi ne manhajar sakamakon jarrabawa ta makaranta, ko rajistar ƙaramin asibiti, ko lissafin shago. Yawancinsu GitHub, shafin da ake ajiye rumbuna, suka sani, kuma GitHub sai da intanet. Intanet kuwa mun ga iyakarta. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku da suka haɗa da MainOne da WACS suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, aikin bankuna da ofisoshi ya rikice a Najeriya. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro. Baure ba ta cikin jerin, amma duk wanda ke da ɗan'uwa a Jibiya ko Funtuwa ya san yadda watannin suka kasance. A 2022 kuma bankuna suka ƙuntata amfani da katin naira wajen biyan kuɗi a ƙasashen waje, wanda ke hayar inji a Turai ya rasa yadda zai biya. Ƙaramar kwamfuta da ke aiki da sola a kusurwar ofis, ɗauke da manhajar riƙe rumbuna irin Gitea ko Gitolite, ba ruwanta da duk wannan. Mutum uku ko huɗu za su ci gaba da musayar aiki ta waya ko ta wayifai na cikin ɗaki ko da duniya ta yanke.

Sai dai kada kowa ya ɗauka riƙe uwar garke a gida wasa ne. Masu kula da harshen PHP, waɗanda ba ƙananan gwanaye ba ne, sun daɗe suna riƙe da tasu, amma a ƙarshen Maris 2021 wani ya cusa muguwar ƙofar baya a cikin rumbunsu da sunan manyan masu aikin. An gano abin da wuri, kuma shawarar da suka yanke ita ce su kwashe kayansu su koma GitHub. Can akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan dare da rana. GitHub ba ya karɓar fayil da ya haura megabayit 100, kuma yana da tsarin da ke tare turawar da ke ɗauke da mabuɗan sirri. Wanda ya zaɓi zaman kansa ya bar duk wannan a baya, dole ya gina nasa. Ƙugiya ce kayan ginin.

Ƙugiyoyin da ke aiki a ɓangaren uwar garke, uku ne manya. Ta farko sunan fayil ɗinta pre-receive. Sau ɗaya take tashi a kowace turawa, kafin a karɓi komai. Git yakan miƙa mata layi ɗaya a kan kowane reshe, wato layin aiki a cikin rumbu, da aka taɓa: lambar shaidar inda reshen yake a da, lambar inda ake so ya koma, da sunan reshen. Idan ta gama ta fita da sifili, an yarda. Idan ta fita da wata lamba daban, an mayar da turawar gaba ɗayanta. Ta biyu, update, takan tashi sau ɗaya a kan kowane reshe, saboda haka tana iya hana reshe ɗaya ta bar sauran su shiga. Ta uku, post-receive, ba ta da ikon hana komai, domin sai an riga an karɓa take tashi. Aikinta sanarwa ne, ko kwafe sabon aikin zuwa inda jama'a ke amfani da shi. Duk abin da ƙugiyar ta rubuta yakan fito a allon wanda ya yi turawar. Akwai kuma ƙugiyoyin da ke zama a kwamfutar mai rubutun, irin su pre-commit, amma waɗannan tunatarwa ce kawai: mai kwamfutar na iya tsallake su da ƙarin kalma ɗaya a umarninsa, ko ma ya goge su. Dokar da ake son ta hau kowa, a kan uwar garke take zama.

Abubuwa biyu game da halin ƙugiya su ne tushen duk muhawarar. Na ɗaya, ƙugiya ba ta cikin tarihin rumbu. In ka kwafo rumbu zuwa kwamfutarka, ƙugiyoyin uwar garke ba za su biyo ka ba, in ka tura aiki, naka ba za su tafi can ba. Da gangan aka yi haka, domin da suna tafiya, da duk wanda ya kwafo rumbun baƙo ya ba baƙon damar sarrafa kwamfutarsa. A watan Mayun 2024 an toshe wata kafa a Git, a siga ta 2.45.1, wadda ta nan ake iya yaudarar manhajar ta dasa ƙugiya yayin kwafe rumbu a wasu nau'o'in kwamfuta, kuma an ɗauki lamarin da matuƙar muhimmanci. Na biyu, ƙugiya tana aiki ne da cikakken ikon asusun da ke riƙe da uwar garken. Abin da asusun nan zai iya karantawa ko gogewa, ita ma za ta iya, ko da a rumbun da ba nata ba.

Mu fara da ƙugiyar bai-ɗaya. Ƙarfinta shi ne babu rumbun da ake mantawa da shi. Akwai kurakuran da ba su san bambancin babban aiki da ƙarami ba, kuma gaba da su duka akwai zubar da sirri. A 2016 masu kutse sun tsinci mabuɗan shiga na kamfanin Uber a cikin wani rumbu na ma'aikatansa a GitHub, suka kwashi bayanan mutum miliyan 57. A watan Oktoban 2022 kamfanin Toyota ya amsa cewa wani mabuɗi ya zauna a fili cikin rubutun manhajarsa kusan shekara biyar, abin da ya jefa adireshin imel na kusan mutum 296,000 cikin haɗari. Waɗannan manyan kamfanoni ne masu kuɗi da ma'aikata. To ina ga matashin da ke aiki shi kaɗai da daddare, yana sauri kafin batir ya mutu? Kuma abin da ya shiga tarihin Git ba ya fita da sauƙi. Ko ka goge fayil ɗin gobe, yana nan a gyaran jiya, kuma duk wanda ya kwafi rumbun ya tafi da shi. Tun da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya a watan Yunin 2023, wanda ya bar sunaye da lambobin wayar marasa lafiya ko na ɗalibai suka yi yawo, ba kunya kaɗai ke jiransa ba. Irin wannan tsaro bai kamata a bar wa kowane mai rumbu ya tuna da shi ba. Sabon rumbun da aka buɗe da gaggawa don ɗan gwaji, wanda babu wanda ya damu da shi, galibi a nan ake yin ɓarnar.

Fa'ida ta biyu ita ce gyara wuri ɗaya ake yi. Tun siga ta 2.9 da ta fito a 2016, Git yana da saiti mai suna core.hooksPath, wanda ke nuna wa dukkan rumbuna jaka guda. Kafin nan mutane sun fi dogara da jakar samfuri, wadda Git ke kwafe abin da ke cikinta zuwa kowane sabon rumbu a ranar da aka buɗe shi. Wannan tsohuwar hanya tana da yaudara. A rana ta farko duk rumbuna iri ɗaya ne, amma in aka gyara samfurin bayan wata shida, tsofaffin rumbuna suna nan da tsohuwar ƙugiya. Mai kula da injin yana zaton doka ɗaya yake da ita, alhali iri-iri ne a warwatse. Duk mai son bai-ɗaya ta gaskiya, ya nuna wa kowa fayil guda, kada ya rarraba kwafi.

A nan zan ɗan ratse. Wasu abubuwan da mutane ke ɓata lokaci suna rubuta wa ƙugiya, Git ya riga ya yi musu saiti. Hana turawar da ke sake rubuta tarihi, hana goge reshe, ƙayyade girman abin da za a karɓa a turawa ɗaya, kowanne layi ɗaya ne a fayil ɗin saiti. Layin da masu Git suka gwada shekara da shekaru ya fi umarni ashirin da mutum ya harhaɗa da kansa aminci.

Raunin ƙugiyar bai-ɗaya daga ƙarfinta ya fito. In ta yi kuskure, kowa ta tsayar. Ga misalin da ya kama mutane da yawa: idan aka turo sabon reshe, lambar shaidarsa ta da sifili ce zalla guda 40, domin ba shi da jiya. Ƙugiyar da ba a koya mata wannan ba za ta nemi kwatanta sabon aiki da abin da babu shi, ta faɗi, kuma faɗuwarta a wurin Git daidai take da cewa a'a. Daga nan babu mai iya buɗe sabon reshe a ko'ina a kan injin sai an nemo mai gyara. Rauni na biyu ya fi wannan zurfi. Ayyuka ba iri ɗaya ba ne. Dokar da ta hana fayil mai nauyi ta dace da rumbun manhaja, amma za ta shaƙe rumbun da malamai ke ajiye takardun darasi masu hotuna. Dokar da ta ce kowane gyara sai ya ambaci lambar aiki ta dace da ƙungiyar mutum goma, amma wahala ce kawai ga ɗalibin da ke koyo. Sai mai kula da injin ya fara saka togaciya: in rumbu kaza ne a yi kaza, in wancan ne a ƙyale. Kafin shekara ta zagayo, fayil ɗin ya zama dogon zare mai ƙulli-ƙulli wanda shi kansa marubucin tsoron taɓa shi yake. Ga kuma tarkon da ke cikin core.hooksPath ɗin kansa: idan aka saita shi, Git yakan daina duba jakar ƙugiyoyi ta cikin rumbu kwata-kwata. Duk wata ƙugiya ta musamman da ke can sai ta yi shiru, ba gargaɗi, ba saƙo. Shafin da ya saba sabunta kansa sai ya tsaya a jiya, kowa na mamaki.

Ƙugiyar kowane rumbu ita ce asalin tsarin. Haka Git ya zo, haka ma Subversion da ya riga shi, wanda sigarsa ta 1.0 ta fito a 2004: kowane rumbu da jakarsa, da samfuran ƙugiyoyi a ciki suna jiran a canza musu suna a ba su izinin aiki. Kyawunta dacewa. A ɗauka ofis ɗaya a Baure yana riƙe da ayyuka uku. Na farko shafin makaranta, wanda ake so da zarar an tura gyara zuwa babban reshe ya bayyana ga iyaye. Na biyu manhajar rajistar asibiti, wadda ba a yarda komai ya shiga babban reshenta ba sai mutum na biyu ya duba. Na uku lissafin ƙungiyar manoman gero da wake, inda abin da ake so kawai shi ne a sanar da ma'aji an yi canji. Waɗannan bukatu uku ba su da abin da ya haɗa su. Kowace ƙugiya gajera ce, layi goma ko sha biyar, mai karatu zai gane ta a zama ɗaya. In ta makaranta ta lalace, asibiti bai ma sani ba. Wanda ya fi kowa sanin aikin shi ke tsara dokarsa, ba sai ya jira mai kula da injin ya dawo daga Kano ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba na raina shi.

Amma a wannan ɓangaren ne na fi jin tsoro, saboda yanayinmu. Ƙugiyar da aka ajiye da hannu a cikin jakar rumbu ba ta da tarihi. Ba a san wanda ya rubuta ta ba, ba a san ranar da aka canza ta ba, ba a san dalili ba. Abin takaici ne a ce injin da aka kafa domin kada gyara ya ɓata, dokokinsa su ne kaɗai abin da ba a adana tarihinsu. A garuruwa irin namu, sau da yawa wanda ya iya injin mutum ɗaya ne. Wataƙila ɗan bautar ƙasa ne da aka turo makaranta, wanda shekara ɗaya zai yi ya tafi, ko ɗan gari ne da zai samu aiki a Katsina ko Abuja. Ranar da ya tafi, ilimin ƙugiyoyin ya bi shi. Wanda ya gaje shi zai ga rumbuna goma sha, bai san cewa uku daga ciki suna da ɓoyayyun dokoki ba. Ranar da faifan injin ya ƙone, kuma inji a inda wuta ke zuwa da ƙarfi ta ɗauke ba sallama yakan ƙone, za a ce ai ba komai, kowa yana da kwafin rumbu a kwamfutarsa. Haka ne, rubutun manhaja zai dawo cif, domin kowane kwafi na Git cikakken tarihi ne. Ƙugiyoyin ne ba za su dawo ba. Ko kwafin madubi da ake yi don ajiya ba ya ɗauko su. Za a tayar da sabon inji, komai ya yi kamar daidai, alhali ƙofar asibiti a buɗe take, kuma ba wanda zai lura sai ɓarna ta auku.

Sai maganar amana. Tun da ƙugiya da ikon asusun uwar garke take aiki, ba wa mutum damar rubuta ƙugiyar rumbunsa daidai yake da ba shi injin gaba ɗaya. Yana iya rubuta layi biyu da za su kwafe rumbun asibiti zuwa nasa. Ba sai yana da mugun nufi ba: ya isa a sace kalmar sirrinsa. Gitea, wadda ta ɓalle daga Gogs a 2016, tana da shafin da ake rubuta ƙugiyar rumbu kai tsaye daga burauza. A 2020 masu binciken tsaro suka nuna yadda mai wannan izini zai iya sarrafa injin duka, kuma daga siga ta 1.13 masu Gitea suka mayar da shafin a kulle, sai mai injin ya buɗe shi da hannunsa a fayil ɗin saiti. GitLab, wata manhaja irin Gitea, tun asali bai ba mai rumbu wannan dama ba, sai mai kula da injin. GitHub na intanet ba ya barin kowa ya ɗora irin wannan ƙugiya, sai a sigar da kamfanoni ke saya su kafa a injinsu. Idan masu gina waɗannan manhajoji, kowa ta hanyarsa, suka tsaya a matsaya ɗaya, ya kamata mai ƙaramin inji a Baure ya tsaya ya yi tunani kafin ya buɗe wa kowa.

To wace za a ɗauka? In aka tilasta mini zaɓar ɗaya tak, bai-ɗaya zan ɗauka, domin kuskurenta a fili yake. In ta lalace kowa zai yi ƙorafi a ranar, a gyara. Kuskuren ta kowane rumbu a ɓoye yake, kuma ɓoyayyen kuskure ya fi tsada. Amma ba a tilasta wa kowa ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce wa ke da ikon naɗa ƙugiya, kuma a ina aka rubuta naɗin. Mu mutanen ƙasar Daura mun san wannan tsari a sarauta. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar, Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, kuma ba a ce Sarki ya zauna ya yanke kowace rigimar gona da kansa ba. Akwai hakimi, akwai dagaci, akwai mai unguwa, kowa ya fi sanin mutanensa, kuma matsalar garin kan iyaka irin Babban Mutum ba ita ce ta cikin birnin Daura ba. Sai dai babu hakimin da ke naɗa kansa. Daga fada rawani ke fitowa, an san wanda aka naɗa da ranar da aka naɗa shi, kuma akwai abin da ya fi ƙarfin hakimi, dole a kai gaba.

Gitolite, wadda Sitaram Chamarty na ƙasar Indiya ya rubuta, ita ta fi kusa da wannan tsari, kuma ita masu kula da kernel.org, gidan rubutun Linux, suka koma wa bayan kutsen da aka yi musu a 2011, lokacin da suka daina ba ɗaruruwan mutane damar shiga injin kai tsaye. A Gitolite akwai rumbu na musamman na gudanarwa, inda ake rubuta wa ke da izinin karanta me da rubuta me. Akwai jakar ƙugiyoyin da ke hawa kan kowa, akwai kuma jaka ta dabam da ake tara ƙugiyoyi na musamman, kowace da sunanta. A fayil ɗin gudanarwa sai a rubuta layi ɗaya a ƙarƙashin sunan rumbu: wannan rumbu, bayan an karɓi turawa, a tashi ƙugiya mai suna kaza. Ke nan kowane rumbu ya samu abin da ya dace da shi, amma daga cikin jerin da aka duba aka amince. Rumbuna biyar masu bukata iri ɗaya suna iya amfani da fayil guda. Wanda ya zo daga baya zai buɗe fayil ɗaya ya ga dokokin injin duka, ya ga wanda ya canza kowane layi da dalilinsa. In aka ajiye ƙugiyoyin kansu a cikin rumbun gudanarwa, sun samu tarihi, kuma sun shiga kwafin ajiya. Bayanan Gitolite sun yi gargaɗi a kan wannan ƙarara: duk mai iya turawa zuwa rumbun gudanarwa ya zama mai iya sarrafa injin. Don haka mutum biyu sun isa su riƙe wannan izini. Ɗaya ya yi kaɗan, saboda tafiya da rashin lafiya. Biyar sun yi yawa.

GitLab ya bi ta wata hanya zuwa wuri ɗaya. Yana jera ƙugiyoyi a sarƙa: nasa na ciki, sannan na rumbun, sannan na bai-ɗaya, kuma duk wadda ta ce a'a, magana ta ƙare. Ta haka dokar rumbu tana iya ƙara tsanani amma ba ta iya soke dokar kowa. Sai dai GitLab yana son inji mai ƙarfi da wuta mai yawa, abin da ƙaramar sola ba lallai ta ɗauka ba. Mai Git zalla, ba tare da ɗayan waɗannan ba, yana iya kwaikwayon sarƙar da ɗan gajeren umarni: ƙugiyar bai-ɗaya ta gama nata binciken, sannan ta duba ko akwai fayil mai sunan wannan rumbu a wata jaka da ake adana tarihinta, in akwai ta tashe shi. Abin lura ɗaya ne, layukan da Git ke miƙa wa pre-receive sau ɗaya ake karanta su, saboda haka sai ta farko ta adana su ta miƙa wa ta biyu, in ba haka ba ta biyun za ta tarar da wayam ta ce komai lafiya.

Ko wace hanya aka bi, akwai abin da yanayinmu ke ƙara wa lissafin. Mai turawa yana nan riƙe da layi har sai ƙugiya ta gama, har da post-receive. Wanda ke turowa daga ƙauye da sabis mai zuwa yana ɗaukewa ba zai iya jiran minti biyar ana gwaje-gwaje ba. Ƙugiyar bakin ƙofa ta yi abin da za a gama cikin daƙiƙu kaɗan, aiki mai nauyi a rubuta shi a layin jira, wata manhaja ta ɗauka daga baya. Haka kuma ƙugiyar da ke bukatar intanet kafin ta yanke hukunci, misali don ta tambayi wani shafi a waje, ta rushe dalilin da ya sa aka kafa injin a gida. A watan Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta bar yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda, wanda injinsa ke kan sola kuma bai dogara da kowa a waje ba shi ne ya ci gaba da aiki. Ƙugiyar da ke kwafe shafi zuwa inda jama'a ke gani kuma, ta kwafe shi zuwa sabuwar jaka tukuna, sai ta kammala sannan ta juya akalar zuwa can, don kada wuta ta ɗauke a tsakiya a bar rabin sabo rabin tsoho.

Saƙon da ƙugiya ke mayarwa shi ma aiki ne, kuma babu abin da ya hana a rubuta shi da Hausa. Ɗalibin da aka mayar wa turawa da jan rubutu cikin Turancin da bai gane ba zai ɗauka injin ne ya lalace, ya koma aika fayil ta WhatsApp, tarihin aikin ya watse. Amma in ya ga an rubuta masa: "Malam, a layi na 12 na fayil ɗin saiti akwai abin da ya yi kama da kalmar sirri. Cire ta daga gyaran, ka canza ta a ma'ajiyar bayanai, sannan ka sake turowa. In kana ganin kuskure ne, nemi mai kula da injin," to ya san laifin, ya san gyaran, ya san wanda zai nema. Saƙon ya kuma faɗi sunan ƙugiyar da ta yi magana, ta bai-ɗaya ce ko ta rumbun, domin wanda aka kira ya gyara ya san fayil ɗin da zai buɗe.